Lahadin da Baba Ayashe Ya Zagaya da Ni Osaka

Ku da kuke zuwa nan bakin ruwa kuna cewa in sa ku a hanya, na san abin da kuka hango. Kun ga mutum tsaye a bayan kwalekwale da gora, baƙo zaune a gaba, an je an dawo, an ɗauki hoto, an yi musafaha. Sai kuka ce ai wannan yawo ne ake biyan mutum a kansa. Jiya ma ɗayanku yake ce mini, "Baba Gambo, ai sunayen tsuntsayen nan duk suna cikin waya." Suna ciki, ban musa ba. To ku gyara zama in ba ku labarin wata Lahadi da na yi a birnin Osaka na ƙasar Japan, ranar da ni na zama baƙo wani ya yi mini jagora. Amma sai na faro muku daga nan Baturiya, in ba haka ba ba za ku gane ba.

Wanda ya koya mini aikin nan Kawu Mele ne, ƙanin mahaifiyata. Masunci ne, Hausarsa da ɗanɗanon Barbarci, kuma shi ma'aikatan gandun daji suke nema idan sun yi baƙi masu son kallon tsuntsaye. Na daɗe a kwalekwalensa bai ba ni gora ba, aikina kwashe ruwa da ƙoƙo. Da ya ba ni gorar, sai da ya wahalar da ni a kan abu guda: yadda za a zaro ta daga laka ba tare da ta yi "cakal" ba. Tsuntsuwar nan dinya tana jin wannan ƙarar tun daga nesa, in ta tashi kuwa duk fadamar ta tashi. Ya hana ni sa farar riga. Ya hana ni nuni da yatsa, sai da haɓa. Ya koya mini inda agwagwar ruwan nan kirinjijiya ke kwana da inda take wuni, da wace hanyar ruwa ke ɗaukar kwalekwale bayan kaka, wace ce ke kafewa kafin bazara.

Wannan duka rabin aikin ne. Idan muka sallami baƙi muka zauna cin tuwo, Kawu ba ya tambayata tsuntsu nawa muka gani. Sai ya ce, "Matar nan da ta zauna a tsakiya, yaushe ta fara jin ƙishirwa?"

In ce, "Kawu, ai ba ta nemi ruwa ba."

Ya ce, "Na sani. Tambayarka nake yi yaushe ta fara ji."

A hankali na gane abin da yake nufi. Mutumin da ya tsallako ƙasashe don ya ga abu, ba zai ce ya gaji ba. Kai za ka gani a leɓensa, da bayan wuyansa, da yadda yake riƙe madubin hangen nesa, ko yana ɗaga shi da sauri ko ya fara barinsa a cinya. Kuma in ka gani, ba cewa za ka yi "ka gaji" ba. Dabara za ka nemo wadda za ta kai shi inuwa mutuncinsa na hannunsa.

Baƙi iri-iri na ɗauka. Akwai mai ƙirga, wanda da ya ga tsuntsu sau ɗaya ya gama da shi. Akwai mai kamara, wanda zai ajiye ka cikin sauro har rana ta take saboda zalɓe ɗaya ya ƙi juyo da kansa. Akwai 'yan makaranta daga Haɗejia da Dutse, masu hayaniyar da ke korar komai, amma su ne suka fi kowa murna. A cikinsu duka, wanda labarin nan ya shafa wani ɗan Japan ne mai suna Hayashi. Matan garinmu suka kasa faɗin sunan, suka mayar da shi Baba Ayashe, matarsa kuma Mama Ayashe, sunan ya bi su. Gajere ne, tsohon direban jirgin ƙasa da ya yi ritaya, da 'yar hularsa mai baki. Turancinsa guntu-guntu kamar nawa, shi ya sa muka fahimci juna. Gauraka ya zo nema. Ya ce a ƙasarsu akwai 'yar'uwarta da suke girmamawa ƙwarai, yana son ya ga tamu mai tukku.

Muka yi kwanaki muna fita tun da asuba, gauraka ta ƙi. Bai taɓa ɓata rai ba. Ya ci tuwon shinkafa da miyar kuka da hannu, ya koyi "ina kwana" da "ina gajiya" da "na gode". Ana gobe za su tafi na kai su can wajen Guri, wata gonar shinkafa da aka girbe, sai ga su guda biyu suna tafiyarsu ta ƙasaita. Bai ɗaga madubinsa ba, sai ya miƙa wa matarsa ta fara gani. Da za su hau mota ya cire madubin daga wuyansa ya rataya mini. Shi ne wannan da kuke gani, wanda fatar igiyarsa ta yi baƙi.

Bayan nan shekarun wahala suka shigo. Da farko ciyawar kacalla ce ta toshe hanyoyin ruwa, inda muke wucewa da kwalekwale biyu a jere ya zama sai an sa lauje. Sannan rikicin gabas ya tashi, baƙi daga waje suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Mu nan ba abin da ya same mu, amma wanda ke nesa ba ya bambance Baturiya da bakin Tafkin Cadi. Na koma noman shinkafa, tsuntsayen jan-baki suka cinye rabi, shekarar da ta biyo ambaliya ta kwashe sauran. Kawu Mele ya rasu a tsakanin nan, Allah Ya jiƙansa. Wani ɗan kasuwa ya yi ta zarya a kan madubin nan, na ce ba na sayarwa ba ne. Na naɗe shi a tsumma na tura cikin tukunyar shinkafa don kada laima ta ɓata gilashin. Kuma duk rani sai na fita ni kaɗai na zaga, domin ruwan nan sauya hanya yake yi, jagoran da ya zauna gida shekara guda ya koma ɗan koyo.

Ana nan sai aka kira ni ofishin gandun daji aka ce za a yi taro a Japan na masu aiki a fadamu da dausayi, kuma ana son wanda hannunsa ke cikin ruwan ya je ya yi bayani. Daga baya na ji ashe 'yar Baba Ayashe ce, Miciko, wadda take aikin tafinta, ta ba da sunana. Ba zan cika ku da labarin fasfo da jirgi ba. Mun yi mako muna zama a ɗaki mai ɗumi, ana nuna taswira a bango. Na yi maganata a kan kacalla, aka tafa. Lahadi ce kaɗai ranar hutu, Litinin da safe mu kamo hanyar gida.

Tun farkon makon nake jin abokan taro suna zancen wani gidan kifi a bakin teku, inda aka zuba ruwa a bayan gilashi, mutum ya tsaya kifi ya wuce ta gabansa. Suka ce akwai guda a ciki da ya kusa tsawon motar bas. Ni jikan masunta ne, giwan ruwa mafi girma da na taɓa gani mutum biyu suka ɗauke shi. Wannan kifin ya tsaya mini a rai. Da Miciko ta ce mini babanta ya ce shi da kansa zai zagaya da ni, na tambaye ta ko da gidan kifin a ciki. Ta yi dariya ta ce, "Ya tsara komai. Kasuwa da safe, sai tsohuwar fadar sarakunanmu, sai gidan kifi, sannan ku hau dogon bene ku ga faɗuwar rana."

Da safe na sauko ƙasan masauki na same shi tsaye, ya ƙi zama a kujera. Da ƙyar na gane shi. Ya ƙanƙance, kunnuwansa sun yi wa fuskar girma, ga sanda a hannu. Hular dai tana nan.

Ya ce, "Gambo! Ina kwana? Ina gajiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba. Ya ƙarfin jiki?"

Wannan bai san ta ba, sai ya ce, "Na gode, na gode."

Na riga na ji Mama Ayashe ta rasu, na yi masa ta'aziyya, Miciko ta fassara. Ya sunkuyar da kai na ɗan lokaci. Sannan ya buga sandarsa a ƙasa ya ce da Turancinsa, "Yau ni ne jagora. Kai baƙo ne. Ba ka ɗaukar kaya, ba ka tambayar hanya." Miciko ta kai hannu za ta riƙe masa gwiwar hannu, ya janye. Ta koma bayanmu tana biye.

Jirgin da ke zirga-zirga cikin garinsu a ƙarƙashin ƙasa yake. Muka gangara, sai ga wani gari a ƙarƙashin garin, da kantuna da fitilu, jama'a na kwarara kamar ranar da kasuwar Haɗejia ta cika ta batse, amma ba mai bangazar wani, ba mai ɗaga murya. Nan Baba Ayashe kamar a gidansa yake. Ya kai ni daidai wani zane a ƙasa ya ce in tsaya. Jirgi ya zo, ƙofa ta buɗe a kan ƙafafuna. Ya dube ni yana jiran in yi mamaki, na kuwa yi, ba na ƙarya ba. A ciki ya rufe ido yana sauraron ƙarar birki, ya ce mini wannan direban yaro ne amma hannunsa na da kyau.

Kasuwar doguwar hanya ce da aka yi wa rufi, ba ka hango ƙarshenta. Kifi ne a kan ƙanƙara, ja da fari da mai sheƙi, ba ƙuda ko ɗaya, ba kuma warin da muka sani. Na tsaya wajen wani mai yanka wani jibgegen kifi da wuƙa mai tsawon takobi, yana bin ƙashi da ita a hankali kamar mai ɗinki. Na ce wa Miciko ta gaya masa ni ma ɗan gidan kifi ne. Mutumin ya tambayi yaya muke adana namu, na kwatanta masa banda da hayaƙi, ya gyaɗa kai irin na wanda ya san aikin. Baba Ayashe ya tsare wata mai abinci da tambayoyi har ya tabbatar ba alade ba giya, sannan aka kawo mini shinkafa da gasasshen kifi. Ya saya mini wasu 'yan dunƙule-dunƙule kamar ƙosai, da naman wata halittar teku mai hannaye da yawa a ciki. Na jefa ɗaya a baki gaba ɗaya, ashe cikinsa wuta ne. Na yi ta hura iska hawaye na zuba, tsohon nan yana dariya har da riƙe ciki.

Da muka fito na ga abubuwan da har yau in na faɗa a majalisa ake cewa na ƙara gishiri. Na ga kare da riga ana tura shi a keken jarirai. Na ga akwatin ƙarfe a bakin titi da ke ba da shayi mai zafi a gwangwani, ba kowa a ciki. Hankakansu ma baƙi ne ƙirin, ba farin ƙirji, kamar ya manta rigarsa a gida.

A matattakalar fita daga tasha ta biyu na fara lura. Muna tsakiyar hawa sai ya tsaya ya nuna mini wani hoto a bango, ya yi ta bayani a kansa, alhali tallan man goge baki ne. Muka ɗan taɓa tafiya, ya sake tsayawa ya nuna mini murfin kwata, wai in dubi zanen da ke kai. Zanen yana da kyau, amma ni na san wannan dabarar, da ita nake cin abinci. Bambancin kawai, ni ina yin ta ne don baƙo ya huta, shi kuwa don jagora ya huta. Na dubi leɓensa, ya yi toka-toka. Yatsun da ke riƙe da sanda sun yi fari. Numfashinsa gajere, yana ɓoye shi da tari.

Na yi kamar takalmina ya kwance, na tsaya har Miciko ta iso. Na ce, "'Yata, gaya mini gaskiya. Me ke damun Baba?"

Ta dubi bayansa, ta rage murya. Ta ce zuciya ce, likita ya hana shi wahala. Ta ce tun rasuwar mahaifiyarta bai cika fita ko ƙofar gida ba. Da ya ji zan zo sai ya fara fita kullum da safe, yau ya kai kan kwana, gobe ya kai gada, yana ƙara nisa kaɗan-kaɗan don ya iya wannan ranar.

Na ce, "Gidan kifin da nisa?"

Ta ce, "Sai mun sake shiga jirgi mun canza wani, ga layi ranar Lahadi, cikinsa kuma tafiya ce mai yawa. In na ce mu koma gida ba zai ji ba. Zai ce na kunyata shi a gaban baƙonsa."

Muka ci gaba. Fadar tana kan tudu, fara mai koren rufi hawa-hawa, an kewaye ta da ganuwar duwatsu. Wani dutsen ya fi ɗakina faɗi, na rasa yadda aka yi mutane suka ɗaga shi. A gindin ganuwar akwai wani faffaɗan ruwa da ya zagaye ta. Lokacin sanyinsu ya fara shiga, itatuwa sun rine, wasu ja wasu ruwan ɗorawa, har na tambaya ko ciwo ne ya kama su. Baba Ayashe ya nuna saman fadar da sanda ya ce za mu hau, daga nan sai kifi.

Na dubi rana na ce, "Baba, azahar ta yi. Zan yi salla."

Ashe ya shirya wa wannan ma. Ya zaro ɗan kamfas, abin nan mai nuna gabas da yamma, daga aljihu, ya juya, ya juya, ya nuna mini wajen yamma. Na ce anya? Ya ce ya bincika tun a gida, daga nan Makka tana yamma. Ranar na yi salla na ba gabas baya. Da alwalata, na shimfiɗa ɗan mayafina a gindin wata bishiya. Salla ta matafiyi gajeriya ce, amma na bi ta da nafila, na zauna na ja carbi ban yi gaggawa ba, ina satar kallonsa inda ya zauna a kan wani benci. Da na shafa na dawo, launin bakinsa bai dawo ba. Duk da haka ya dafa sanda ya yunƙura.

Ya ce, "Kifi, Gambo. Babba. Mu tafi."

Ba zan ɓoye muku ba, ina son ganin kifin nan. Na san kuma ba zan sake taka ƙasar ba. Amma na taɓa ganin irin wannan leɓen a kwalekwale, na san abin da ke biyo baya in aka matsa.

Na buɗe jakata na fito da madubin. Na zo da shi ne dama don in nuna masa yana nan. Da ya gan shi sai ya koma ya zauna, ya karɓa yana shafa igiyar. Na nuna masa ruwan da haɓa. Agwagi ne birjik a kai, kuma a cikinsu na hango wata mai faffaɗan baki kamar cokali.

Na ce, "Baba, waccan tana zuwa wurinmu da rani. Me kuke kiranta?"

Ya faɗa mini. Na maimaita, na kwaɓa, ya gyara. Sannan ya ce to mu tashi.

Na ce, "Da safe ka ce ni baƙo ne."

Ya ce haka ne.

Na ce, "A wurinmu abin da baƙo yake so shi jagora ke yi. Ka zo garinmu na nuna maka tsuntsayenmu ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma sai in koma in ce na je garin Baba Ayashe bai nuna mini nasu ba? Kifi na gani a kasuwa, ya ishe ni. Nan nake son zama."

Miciko ta fassara masa don kada wata kalma ta faɗi. Ya daɗe yana kallona. Ni kuwa na kafa ido a kan ruwa. Can sai ya gyara zama, ya jingina sandar a benci, ya ɗaga madubin.

Muka shiga aiki. Ya nuna mini wata mai jan kai, da wata baƙa mai ɗan tukku a ƙeya da ke nutsewa ta ɓullo can gaba. Ya faɗi sunan Japan, in faɗi na Hausa in akwai, in babu in ce wannan ba ta da biza. Zalɓe ya sauka a kan dutse, irin namu sak, da tsayuwarsa ta mai jiran bashi. Na ce "zalɓe", ya yi ta fama da harafin tsakiya har Miciko ta juya baya tana dariya. Muryarsa ta dawo, kumatunsa suka ɗan yi ja. Ana cikin haka na ji maganarsa tana ja baya, madubin ya sauka a cinya, kansa ya kwanto a kafaɗata. Barci ya ɗauke shi.

Zama ba motsi yana cikin abin da aka koya mini. Na zauna. Miciko ta cire mayafin wuyanta ta rufa masa, ta je ta sayo mana gasasshen dankalin Hausa mai zafi a takarda, na ci da hannu ɗaya. Daga wannan bencin na yi sauran yawon buɗe idona, garin ne ya riƙa wucewa ta gabana. Amarya da ango suka zo ɗaukar hoto cikin tufafin gargajiya, tana tafiya da ƙyar, wata dattijuwa na bin ta tana gyara mata naɗi. Wasu tsofaffi sun jera kujeru suna zana fadar da fenti, kowa tasa daban. Yara cikin fararen kaya suka wuce a layi da sandunan wasan ƙwallo a kafaɗa, suka rusuna wa malaminsu baki ɗaya. Wani mutum yana share ganye, iska na sake zubo masa, bai fasa ba. A bayan itatuwa dogayen benaye na gilashi suna ɗaukar hasken yamma. Kafaɗata ta mutu, sanyi ya shiga gwiwoyina, ban motsa ba.

Da ya farka rana ta yi ƙasa. Ya dubi agogo, ya dubi sama, ya gane kifi ya wuce. Na shirya jin ban-haƙuri, sai na ji yana 'yar dariya. Ya yi magana mai tsawo da harshensu, Miciko ta saurara, idonta ya kawo ruwa, sannan ta juyo gare ni.

Ta ce, "Yana tambaya ko ka tuna wata rana a Baturiya da ka ce kwalekwale yana yoyo, dole ku tsaya a gindin wata tsamiya ka toshe."

Sai na tuna. Rana ce ta bugi Mama Ayashe, ta ƙi faɗa don kada ta katse wa mijinta nema. Na kai su inuwa na yi ta ƙwanƙwasa katakon da ba abin da ya same shi, har ta sha ruwa ta dawo daidai.

Miciko ta ce, "Ya ce mahaifiyata ta duba ƙasan kwalekwalen, a bushe yake. Tun daga lokacin, duk ranar da ta ga ya gaji yana ɓoyewa, sai ta ce masa, 'Kwalekwale yana yoyo.' Sai ya zauna. Ni na taso ina jin maganar a gidanmu, ban san daga ina ta fito ba sai yau."

Baba Ayashe ya dafa gwiwata ya ce da Turancinsa, "Yau ma yana yoyo."

Na ce, "Sosai kuwa, Baba. Amma mun toshe."

A komawa ya bar 'yarsa ta riƙe masa hannu. Tasharsu daban da tawa, don haka a bakin jirgi muka yi sallama. Ya tsaya ya haɗa ƙafafu ya rusuna mini irin tasu. Ni kuwa ba a yi mini tarbiyyar in tsaya ƙiƙam dattijo na sunkuya mini ba, sai na durƙusa irin tamu. Da ya ga na fi shi ƙasa sai ya ƙara sunkuyawa. Na ƙara. Ya kama sanda ya fara lanƙwasa gwiwa, Miciko tana cewa "Baba, Baba!" Kafin a ankara ga mu duka biyu a tsugune a tsakiyar tasha, jama'a na ratse mu suna yi kamar ba su gani ba. Ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Na miƙe na sa hannu a hammatarsa na ɗaga shi. Bai fi nauyin buhun ƙaiƙayi ba. Muka tsaya riƙe da juna muna dariya har jirgin ya iso.

Miciko ta shigar da shi, wani saurayi ya tashi ya ba shi wuri, ya ƙi zama. Ya tsaya a bakin ƙofa yana laluben wata kalma a kansa, na ga bakinsa yana motsi. Sallamar Hausa guda ɗaya ya riƙe, wadda yake yi mini kullum da yamma idan muka ɗaure kwalekwale. Ƙofa ta fara rufuwa, ya ɗaga sandarsa ya ce da ƙarfi, har mutanen jirgin suka waiwayo:

"Sai gobe, Gambo!"

Ni da shi duk mun san inda gobe za ta same ni. Na ɗaga masa hannu na ce, "Allah Ya kai mu, Baba."